Bayan Saukar Jirgi: Wa Ke Bin Sawun Waɗanda Aka Ceto Daga Masu Safarar Mutane?

A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wani bidiyo da aka ɗauka a Libiya, inda ake gwanjon samari baƙar fata, ana tayawa ana sallamawa a kan dala 400. Duniya ta ɗauki zafi, shugabannin Afirka suka yi tir, jirage suka fara jigila. Daga wannan shekara zuwa yau Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta kwaso dubun-dubatar 'yan Najeriya daga Libiya da Nijar da wasu ƙasashe. Duk lokacin da jirgi ya sauka sai an faɗa wa 'yan jarida adadi, maza kaza, mata kaza, jarirai kaza. Adadin da ba a saba faɗa ba shi ne na shekara guda bayan saukar: nawa ne suka sami abin yi, nawa ne suka fita daga bashin da suka tafi da shi, nawa ne kuma suka sake kama hanyar Agadas.

A ganina nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi sakaci. Wanda aka ƙwato daga hannun mai safara, aka mayar da shi cikin talaucin da ya kore shi, ga bashi ya ƙaru a kansa, ga ciwo a jiki da zuciya, ga surutun mutane, an gudu ne ba a tsira ba.

Mu a Arewa mun daɗe muna kallon wannan masifa a matsayin ta mutanen Edo. Akwai dalili. A 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya kimanin 11,000 ne suka isa Italiya ta teku, IOM kuma ta ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na cikinsu an yi safararsu ne don a sa su karuwanci. Da yawansu daga yankin Benin suka fito, an ɗaure su da rantsuwar tsafi da bashin da kan kai yuro dubu 30 zuwa dubu 50. Abin ya kai har Sarkin Benin, Oba Ewuare na Biyu, ya tara bokayen ƙasarsa a watan Maris na 2018, ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya tsine wa mai sake yin ta. Amma namu na nan, kamanninsa ne kawai suka bambanta. Akwai zawarawa da 'yan mata da ake yi wa bizar aikatau zuwa Saudiyya, ana kwaɗaita musu albashi da kusanci da Harami, su je a karɓe fasfonsu a rufe su a gida. Akwai matan yankin Kance a jihar Damagaram da ake kwasa da ƙananan yara zuwa bara a Aljeriya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, fiye da rabinsu yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Akwai samarin da ke bi ta Jibiya ko Kwangwalam ko Illela su shiga Nijar, su hau bayan Hilux daga Agadas zuwa Dirku zuwa Sabha, a ƙarshe su tsinci kansu a gidan bashi, ana dukansu ana kiran iyayensu a waya don su ji kukan su turo kuɗi. Sai kuma wadda ta fi kusa da mu duka, yarinyar ƙauye 'yar shekara 10 da dillaliya ta kawo aikatau birni, tana karɓe kuɗin aikinta duk ƙarshen wata. Dokar Najeriya ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma kowa ya san unguwannin da ba a rasa irin waɗannan yara.

Abin da ya haɗa kusan dukkan waɗannan shi ne bashi. Ba kasafai ake ɗaure mutum da igiya a tafi da shi ba. Da ƙafarsa yake tafiya, da addu'ar iyayensa, da kuɗin da aka haɗa ta hanyar jinginar da gona, ko sayar da shanun huɗa, ko kwasar adashen uwa, ko sayar da gadon marayu. Idan babu ko ɗaya, ejan ya ce kada a damu, zai yi komai, a riƙa cira daga albashi. Wannan ciran ne ba ya ƙarewa. Tsarin kafala na ƙasashen Larabawa kuma yana ɗaure zaman ma'aikaci da sa hannun uban gidansa, gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin a watan Maris na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Mace ta gaji ta gudu, ita ce mai laifi a idon hukuma, albashin watannin da take bi ya bi ruwa.

Mu dubi ranar dawowarta. Ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da baƙar abaya ɗaya da jakar leda, babu akwati, babu fasfo sai takardar da aka rubuta mata don a bar ta ta hau jirgi. Ta isa gida bayan magariba don kada a gan ta, amma kafin hantsi labari ya zaga. Mata suna sallama suna shigowa: "Hajiya, an dawo lafiya? Ina tsarabarmu?" Ba dabino, ba zamzam, ba ko carbi. Inna tana ta ba da haƙuri a madadinta tana cewa kayan na hanya. Baba bai ce komai ba, amma ta san gonar fadama tana hannun wani, damina kuma ta kusa. Kafin mako ya zagayo mai bashi ya aiko yaro. Kafin wata ya cika an fara ƙus-ƙus a gidan biki cewa ai ba a koro mutum haka kawai, wa ya san abin da ta je ta yi. Wannan mata ba ta buƙatar a yi mata lacca kan haɗarin tafiya, ta fi mai laccar sani. Kuma idan ejan ya sake kiranta ya ce akwai wani gida a Oman ko Iraƙi, mutanen kirki ne wannan karon, lissafin da za ta yi ba na mahaukaciya ba ne: a nan ba ta da hanyar biyan bashin ko a shekara biyar, a can akwai yiwuwar ta biya a shekara ɗaya.

Ba a ce hukuma ba ta yi komai ba. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka kafa hukuma ta musamman, NAPTIP, a 2003, bayan fafutukar da ƙungiyar WOTCLEF ta Hajiya Titi Atiku Abubakar ta yi. An sabunta dokar a 2015, aka tsaurara hukunci, aka tanadi asusun tallafa wa waɗanda aka yi safararsu, wanda dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi ya kamata ta riƙa shiga cikinsa. Hukumar na da ofisoshin shiyya a Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran wurare, tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto, ta kuma sa an ɗaure ɗaruruwan masu laifi. Nijar ta yi tata dokar a watan Disambar 2010, ta kafa hukumarta, ta buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto na farko a Damagaram a 2019. Ma'aikatan waɗannan wurare da yawansu suna aiki da zuciya ɗaya cikin ƙarancin kuɗi, ya kamata a faɗi haka.

Sai dai tsarin gaba ɗayansa an gina shi ne a kan gajeren lokaci. Zaman gidan NAPTIP a ƙa'ida mako shida ne. A watan Agustan 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta tattauna da mata da 'yan mata fiye da 70 da suka kuɓuta, inda da yawansu suka koka cewa ana kulle su a gidajen, ba fita, ba waya, ba a gaya musu ranar da za a sallame su, kuma horon da ake ba su bai kai su ga samun abinci ba. Hujjar kullewa ita ce kare su daga masu safarar, hujja ce mai ƙarfi. Amma wadda ta shekara biyu a kulle a gidan wani, aka ƙwato ta aka sake rufe mata ƙofa, da wuya zuciyarta ta bambance mai kare ta da mai tsare ta.

Bayan mako shidan sai a zo kan koyar da sana'a, kuma a nan ne nake da babban ƙorafi, ba ga hukuma ɗaya ba, ga salon da gwamnatoci da ƙungiyoyi suka saba. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an ɗaure ƙyallen da ke ɗauke da sunan shiri. A gefe ga kekunan ɗinki cikin kwalayensu, ga injinan markaɗe, ga robobin haɗa sabulun ruwa da man shafawa. An kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta riƙe takardar shaida an ɗauki hoto. Horon mako biyu ne ko uku. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ba a koyon yanka a mako uku. Yaro kan shekara yana guga da sa maɓalli kafin a ba shi almakashi ya taɓa shaddar mutane. Ta koma gida da keke, ba ta da kuɗin zare da yadi, ba wanda zai ba sabuwar hannu ɗinkin sallarsa, a layinsu kuma akwai teloli mata uku da suka riga ta. Mai bashi ya ji labarin keken. Ƙarshensa ta kai shi kasuwa ta sayar a rabin kuɗi, ta rage bashi, ta auno masara. Masu shirin su ce ba ta da godiya. Ni kuwa ina ganin ta yi abin da duk mai hankali zai yi a matsayinta.

Da ni za a tambaya, da bashin za a fara. Ranar da aka buɗe wa mutum fayil, a rubuta wa yake binsa, nawa, da wace shaida. Bashin da ejan ya ɗora mata ba bashi ba ne, ribar laifi ce, kuma dole a fito a gaya wa iyalinta da mai unguwa haka, a gaban ejan idan an kama shi. Bashin da aka ci a hannun maƙwabci ko ɗan'uwa kuwa haƙƙi ne, sai a zauna da mai shi a tsara yadda za a biya. A nan al'ummar Musulmi ba ta da uzuri. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, biyu daga ciki su ne 'yanta wuyaye da kuma waɗanda bashi ya yi wa katutu. Kano da Sakkwato da Zamfara da Jigawa duk suna da hukumomin zakka da waƙafi. Me zai hana su ware kaso na musamman don fanso gonar da aka jinginar saboda kuɗin fansar ɗa a Sabha? Attajirin da ke raba dubu biyar-biyar ga layin mutane a ƙofar gidansa cikin azumi, da ya tara kuɗin ya fitar da gida goma daga irin wannan ƙangi, da zakkarsa ta yi aikin da aka shar'anta ta dominsa.

Sannan haƙƙin guminsu. Muna yawan mantawa cewa waɗannan mutane ba mabarata ba ne, ma'aikata ne da aka cinye wa albashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa masu aikin tilas suna samar wa masu cutar su haramtacciyar riba ta dala biliyan 236 duk shekara. Kuɗin na nan, a aljihun wasu yake. Dokar 2015 ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya diyya, ta kuma ba wanda aka zalunta damar shigar da ƙara ya nemi haƙƙinsa, amma mace daga ƙauyen Ɗambatta ba ta san da wannan ba, ba ta kuma da kuɗin lauya. Misalin Hadijatu Mani ya isa a koya. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000 a yankin Ƙonni, ta yi kusan shekara goma a matsayin wahaya, wato baiwa. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasar Nijar gaban kotun ECOWAS, a ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta same ta da gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Wanda aka ba diyya yana tafiya da kansa a sama, domin an tabbatar a bainar jama'a cewa shi aka zalunta. Wanda aka ba sadaka kuwa ana jiran godiyarsa. Ofisoshin jakadancinmu a Riyad da Jidda da Beirut bai kamata aikinsu ya tsaya kan buga takardar komawa gida ba, a riƙa rubuta sunan uban gida da watannin da ake binsa kafin jirgi ya tashi, a kuma kama kamfanin da ya yi bizar a nan gida ya biya.

Akwai wani ƙaramin abu da ke hana komai tafiya: takardu. Wanda aka karɓe wa fasfo, ko ya bar ƙauye tun yana yaro, sau da yawa ba shi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Tun ƙarshen 2020 kuwa ba a riƙe layin waya sai da ita, yanzu kuma ba a buɗe asusun banki sai da ita ko lambar banki. Ba asusu, ba rance, ba tallafin gwamnati, ba aikin albashi. Wannan aikin kwana ɗaya ne idan aka kawo na'urar rajista cikin gidan da ake ajiye su.

Game da sana'ar kanta, a fara da tambayar mutum abin da ya iya. Matar da ta yi shekara huɗu a gidan Larabawa tana jin Larabci, ta iya girkinsu, ta iya jinyar tsoho da kula da mai larura, ta san injin wanki da na goge-goge. Otal-otal da asibitoci masu zaman kansu da kamfanonin aikin Hajji da Umara suna neman irin wannan hannu. Saurayin da ya yi aikin gini a Tarabulus ya dawo da iya sa tayil da filasta da walda, abin da magina a Abuja ke ɗauko 'yan Togo da Jamhuriyar Benin su yi musu. Abin da ya rasa shi ne takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago da wanda zai tsaya masa a wajen ɗan kwangila. A ɗauki wannan a zaunar da shi koyon haɗa sabulu ɓarnar lokaci ne. Wanda kuma bai iya komai ba, muna da tsarin da ya girmi duk wata hukuma: a damƙa shi ga ubangida. A Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa da kasuwar waya ta Farm Centre, haka aka yaye dubban mutane, yaro ya zauna shekaru ya san kaya ya san abokan ciniki, a sallame shi da jari. Kuɗin da ake kashewa kan rumfa da hoto da kwali, a mayar da shi alawus na wata-wata ga mai koyo har shekara guda, da ɗan ihsani ga mai koyarwa, da ma'aikaci ɗaya da zai riƙa leƙawa yana tabbatar da cewa koyon bai rikiɗe ya zama wata bautar ba. Wannan leƙawar ba ta da makawa. Hukumomi irin su NDE da SMEDAN da ITF sun daɗe da kafuwa don irin wannan aiki, abin da ya rage shi ne a ware wa waɗanda aka ceto gurbi a cikinsu ba tare da an buga musu tambari a goshi ba. Gwamnatin jiha kuma ita ce babbar mai saye: kayan makaranta, zannuwan gadon asibiti, abincin ɗalibai. Ƙungiyar mata ashirin da aka ba kwangilar ɗinka kayan firamare ɗaya ta fi keke ɗari da aka raba aka watse.

Italiya, inda 'yan matanmu suka fi shan wuya, tana da abin da za a koya daga gare ta. Sashe na 18 na dokar shige da ficenta ta 1998 yana ba wadda ta kuɓuta izinin zama na wata shida da ake sabuntawa, a sa ta cikin shirin koyon harshe da aiki, in ta sami aiki a mayar da izinin na ma'aikaciya. Ma'aunin shirin shi ne ranar da ta tsaya da ƙafarta.

Duk wannan ba zai yiwu ba ga wanda ba ya barci. Da yawa sun ga an binne abokan tafiya a rairayi, da yawa an yi musu fyaɗe ba sau ɗaya ba, wasu sun dawo da ciki ko da goyo, wasu da cuta mai karya garkuwar jiki, wasu sun koyi shan ƙwaya don su iya jurewa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, asibitocin Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri kuma sun yi wa mutumin ƙauye nisa, ga tsoron a ce ya haukace. Dole a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su iya saurare su iya turawa gaba. Maza ma a tuna da su, domin yawancin gidajen karɓa na mata da yara ne, namiji kuwa ana ba shi kuɗin mota a ce ya yi ta maza.

Na san abin da wasu za su ce: maƙwabciyarta da ta zauna ta yi haƙuri da talaucinta ba a ba ta komai ba, sai wadda ta tafi? Ba za a koya wa mutane cewa tafiya ce hanyar samun tallafi ba? Tambaya ce ta gaskiya, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tsadar da ta biyo baya ta sa kowa a matse. Amsata ita ce ba wanda zai jefa kansa gidan bashi don a koya masa walda. Kuma hanya mafi kyau ita ce a haɗa su, duk gurbin da aka buɗe wa wadda ta dawo a buɗe wani ga 'yar unguwarsu da ba ta tafi ba tukuna, hakan zai rage hassada ya kuma rufa wa mai dawowa asiri. Ban da haka, wadda ta sami madogara ita ce ke iya tsayawa a kotu ta ba da shaida a kan ejan. Wadda aka bari a wulaƙance kuwa wani lokaci ita ce ke zama dillaliyar gobe, don ta san hanya, ta san lambobin waya, kuma an yi mata alkawarin yafe bashinta in ta kawo mutum biyu. Yanzu da gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar ƙasar ta 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, tun watan Nuwamban 2023, motoci na fita Agadas a fili, hanyar komawa ta fi sauƙi fiye da da.

Sai maganar aure, wadda ita ce maganin farko da iyaye ke kawowa. Aure alheri ne in mace ta so, ta kuma warke. Amma a ɗaura mata shi da gaggawa da duk wanda ya samu don a toshe bakin mutane, ba a tambayi lafiyarta ba, ba a taɓa bashin ba, wannan sauke nauyi ne kawai daga wuyan iyaye, kuma sau da yawa wata shida ake yi ta dawo da saki da ciki.

Ina kira ga gwamnonin Arewa da majalisunsu su sa layi na musamman a kasafin kuɗi don bin sawun waɗanda aka ceto na tsawon shekara biyu, su kuma riƙa fitar da rahoton inda kowane rukuni ya kwana. Ina kira ga limamai su faɗa a kan mumbari cewa wadda aka yaudara aka bautar ba ta da laifin da za a ƙyamace ta, su kuma tunatar da masu fitar da zakka kaso biyun nan na 'yanta wuyaye da masu bashi. Kai kuma mai shago, ke kuma mai gidan abinci ko shagon ɗinki, idan akwai wanda ya dawo a unguwarku, ku kira shi ku ba shi wurin zama a bakin aiki, ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, kada kuma ku tambaye shi abin da ya faru a can sai in shi ya so faɗa.